Ba A Ja, Ɗagawa Ake Yi

Litinin, da hantsi

Taron ƙungiya yau mutum huɗu ne: ni, Mai Ɗinki, Mai Kemis, sai Direba wanda ya zo yana duba agogo tun daga ƙofa. Ajin da makarantar firamare ke ara mana ya yi mana faɗi, har muryata na dawo mini daga bango. A da sai an ƙaro benci.

Mutanen unguwa 'yan juyi suke ce mana, har mun manta sunan da muka yi rajista da shi. Aikinmu shi ne shiga gidajen waɗanda ciwo ya kwantar ba sa iya motsi, mu juya su, mu goge musu jiki, mu canja zanin gado, don kada bayansu ya yi gyambo. Aikin mutum biyu ne. Ana ninka zani a ƙarƙashin mara lafiya, ɗaya ta kama nan, ɗaya ta kama can, a ɗaga tare. Yanzu gidajen da ke jiranmu sun fi hannayenmu yawa, shi ya sa aka ce ni zan fita neman sababbin mutane, tunda ni ce mai shagon kwafi kuma wai bakina ba ya mutuwa.

Kujerar Yaya na gaban allo, ba wanda ya zauna a kai. Yayata ce, gidanmu ɗaya, ita ta kafa ƙungiyar nan bayan ta bar koyarwa. Mai Ɗinki ta ce, "Ya jikin shugaba?" Na ce da sauƙi, jini ne ya ɗan hau, likita ya ce ta huta kuma ban da 'yan dubiya. Suka ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce amin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Litinin, da yamma

Na juya Yaya ni kaɗai, ɓarin jikinta ya shanye. Ban ɗaga ba, ja na yi. Tana kallona.

Laraba, bayan azahar

Na buga takardun neman 'yan sa kai a shago, na sa musu hoton hannu riƙe da hannu, ni kaina da na gani sai da na yi tsaki. Na kulle shago na tsaya a bakin kasuwa ina miƙawa.

Wata mai sayar da robobi ta karɓa ta karanta har ƙasa, na fara murna, sai ta naɗe wa wani yaro canji a ciki. Wani mai babur ya ce, "Hajiya, juyin mulki za ku yi? In shi ne a sa sunana." Na yi masa dariya don dole. Yawancinsu tambaya ɗaya ce, akwai ɗan abin sabulu? In na ce babu, sai su ce Allah ya ba da lada, su wuce. Ladan nan kowa na yi mini fatansa, ba wanda ke son a raba da shi.

Yaya ba ta taɓa raba takarda ba. Ita sai ta tare mutum a hanya da muryar malamar aji, ta ce, "Ke, ran Asabar ina nemanki," kuma ran Asabar ɗin sai ki ga mutum ya zo yana sunkuyar da kai. Rabin unguwar nan ta koya wa karatu. Ni ba wanda na taɓa yi wa bulala, ba wanda ke jin nauyina.

Na dawo gida a guje. Ta daɗe a ɓari ɗaya, ta daɗe ƙwarai.

Alhamis, da sassafe

Bayana kamar an dasa ƙusa. Na yi salla a zaune.

Juma'a, da yamma

Na ba ta shayi da cokali, rabi ya shiga rabi ya bi gefen baki. Da na goge mata sai na ce, "Yaya, bari in kira Mai Ɗinki. Ita kaɗai. Safe da yamma, ta kama mini gefe ɗaya ta tafi. Ba wanda zai ji."

Ta ce, "A'a."

Kalmomin da suka rage mata ba su da yawa. Tana iya cewa ruwa, tana iya kiran Auta, wato ni, duk da furfurata. Amma a'a ɗin nan ya fito tas, kamar ba abin da ya same ta. Ta ɗaga hannun da ke aiki ta nuna ƙofa, ta girgiza yatsa.

Na san abin da take nufi. Farkon kafa ƙungiya, wata ta shigo don kawai a yi mata jinyar surukinta, yana rasuwa ta ɓace. Aka yi ta yi da mu a unguwa, wai ƙungiyar mu yi wa kanmu ce. Ran nan Yaya ta miƙe a gaban kowa ta ce daga yau ƙungiya ba ta shiga gidan ɗan ƙungiya, ko da gidanta ne. Aka tafa. Ni ma na tafa, har da guɗa.

Amma ba dokar ba ce kaɗai, ni na sani ita ma ta sani. Matar da ta koya wa unguwa guda yadda ake sa wa babba ƙunzugu ba ta son ɗaya daga cikinsu ya gan ta a cikinsa. Na fahimta. Wallahi na fahimta, kuma ina jin haushinta kamar in fasa kofin nan da bango.

Asabar, da la'asar

Na je filin ƙwallo, na je wurin koyon sana'a na mata, na je tashar mota. A filin ƙwallo sun saurare ni da ladabi, kyaftin ɗinsu ya ce, "Anti, akwai riga mai tambari? In akwai riga, yara za su zo." Wata a wurin koyon sana'a ta tambaya ko muna ba da satifiket da za a iya neman aikin asibiti da shi. Wani mai babbar riga a tasha ya ce zai kawo mana katan ɗin sabulu, amma ranar da za a miƙa yana son a tara marasa lafiyan wuri guda don hoto. Na ce masa, "Alhaji, da suna iya taruwa ai da ba ka gan ni nan ba."

Mutane da dama sun ba ni lambar waya. Ina karɓa ina godiya, ina kuma sane da cewa rabi ba za su ɗauka ba.

Lahadi, da rana

Ba ta ci komai ba sai rabin ayaba. Na kunna mata rediyo, ta nuna in kashe.

Talata, da yamma

Ranar koyar da sababbi. Mutum biyar suka zo, na ji daɗi har na sayo musu ruwan sanyi. Muka tafi gidan Baba Kafinta, wanda ya faɗo daga rufin wani gini shekarun baya, tun daga nan daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji. Shi ne muke fara kai sababbi wurinsa don yana da barkwanci. Muna shiga ya ce, "Yau kuma waɗanne 'yan makaranta aka kawo su yi gwaji a kan tsohon katako?"

Ana yaye zani sai warin ya tashi. Ɗaya ta ce ana kiranta a waya, wayar da ba ta yi ƙara ba. Biyu suka bi ta wai su gani ko lafiya. Saurayin da ya rage ya daure har aka gama, ya wanke hannu ya fi sau nawa, ya ce zai dawo, idonsa na cewa ba zai dawo ba. Sai wata mai kitso, doguwa mara magana, ita ce ta tsaya tana kallon hannun Mai Ɗinki.

Na tsaya a kan Baba Kafinta ina koyarwa da bakin nan nawa. "Ba a ja, ɗagawa ake yi. In kika ja, fata na gogar katifa, tun ba ki gani ba ta mutu daga ciki. Ki duba ƙugu, ki duba diddige, ki duba kafaɗa. In wuri ya yi duhu yana sheƙi, ya fi sauran jiki zafi, kada ki kwana ba ki faɗa ba." Kalmomin Yaya ne duka, har inda take jan numfashi. Mai Ɗinki ta ce, "Kai, kamar shugaba ce a tsaye." Na ce zan fita in sha iska.

Laraba, da sassafe

Akwai wuri a ƙasan ƙugun Yaya. Bai kai tafin hannu ba. Ya yi duhu.

Laraba, da rana

Wataƙila inuwar labule ce. Na shafa mai, na ƙara filo.

Juma'a, bayan magariba

Mai Ɗinki ta hawo benenmu da ledar lemo. Na ji takunta tun daga ƙasa, na ja ƙofar ɗakin Yaya, na tare ta a falo. Na ce barci take yi.

Ta ajiye ledar ta dube ni sama da ƙasa. "Kullum barci? Auta, ni fa ba baƙuwa ba ce. Ni da matar nan mun juya mutane tun ba ki iya ninka zani ba. In leƙa kawai in ga fuskarta."

Na ce likita ya hana.

"Wane likitan ne wannan da ya fi mu sanin mara lafiya?" Ta gyara mayafi. "Bari in gaya miki abin da ake faɗa, gara ki ji a bakina. Ana cewa kin kulle ta ne don kujerar ta yi miki daɗi."

Na yi dariya har da riƙe ciki, bayana ya amsa, dariyar ta tsaya. Kujera! Kujerar ƙungiyar mutum huɗu da bokiti biyu. Na raka ta bakin matakala, ba ta ce sai da safe ba.

Da na koma ciki idon Yaya a buɗe. Ta ji komai. Na ce, "Kin ji abin da kika jawo mini?" Ta lumshe ido. Na matse mata lemon, ta sha sosai, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Lahadi, da hantsi

Ɗan Yaya ya kira daga inda yake aiki. Na gaya masa gaskiya gwargwadon yadda zan iya, na ce nauyinta ya fi ƙarfina. Ya ce, "Haba Anti, ku da aikinku ke nan? Ku da kuke yi wa mutanen waje?" Ya ce zai turo abin da za a ɗauki mai aiki. Na kara wa uwarsa wayar a kunne, ya yi ta magana, da ya zo kan mai aiki ta ce a'a. Ya ce, "To kin ji, Anti, ku bi ta a hankali." Ya yi mana addu'a mai tsawo ya kashe.

Litinin, da yamma

Direba ya bar mu. Ya samu aikin jigila zuwa wani gari, ba laifinsa ba ne, yana da yara. Shi ne ke kama wa Mai Kemis a gidajen maza. Dole muka ajiye gida biyu na can bayan gada, don shi ke kai mu can. Ni aka tura in faɗa.

Ɗiyar tsohuwar da ke gida na biyu ta biyo ni har titi ba takalmi. "Anti, ni kaɗai ce fa. Ya zan yi da ita ni kaɗai?" Na ce ta nemi maƙwabciya, ta roƙi kowa, kada ta ji kunya, kunya ba ta warkar da gyambo. Na faɗa mata haka ido cikin ido. Ban san yadda ƙasa ba ta tsage da ni ba.

Talata, da sassafe

Wurin ya buɗe.

Talata, da rana

Na hau mota har wata unguwa na sayo bandeji da ruwan wanke ciwo, don in na saya a wurin Mai Kemis zai tambaya na wane ne. Shagona a kulle tun jiya. Wani ya rubuta mini a jikin ƙofa da alli, wai in na mutu ne a sanar.

Ina wankewa ba ta ko motsa ba. Ɓarin nan ba ya jin zafi, shi ne abin da ya fi tsorata ni. Na ce, "Yaya, ya buɗe fa. Kin san abin da ke biyo baya, ke kika koya mini." Ta kalli silin. Na ce, "In kira Mai Ɗinki?" Har na fara sa rai. Sai ta ce a'a, a hankali wannan karon.

Na zauna a ƙasa na jingina da gadon na yi kuka mai isata. Hannunta mai aiki ya sauko ya dafa kaina. Ban ture ba, amma na so.

Alhamis, da la'asar

Mai Kitso ta iya aiki. Hannunta da sanyi, kuma tana yi wa mara lafiya magana kafin ta taɓa shi, abin da ba a koya mata ba. Duk yawon da na yi, duk takardun da na ɓata, mutum ɗaya na samu. Baba Kafinta ya ce in za a ƙara kawo irinta shi zai ƙara faɗowa daga rufi.

A hanyar dawowa ta ce, "Anti, in tambaye ki. In mutum ya samu kansa shi kaɗai fa, ba na biyu, ya zai yi?"

Na ce, "Ba a yi. Ki fita ki kira wani, ko wane ne."

Ta ce, "To in mara lafiyan ne ba ya so?"

Na dube ta, ba komai a fuskarta, tambaya ce kawai ta mai son koyo. Na ce mata motata ta zo, na shiga, alhali ba motar unguwarmu ba ce. Sai da na sauka a gaba na tako da ƙafa.

Asabar, da safe

Na wanke, na canja, na ja. Na wanke, na canja, na ja. Kullum ina cewa yau zan ɗaga, in sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, in ce bismillah, bayana ya ƙi. Sai in ja.

Lahadi, da yamma

Jikinta da zafi. Ɗakin ya fara irin warin da na sani daga gidajen da ake kiranmu a makare. Na kunna turare, na buɗe taga, na zauna ina yi wa kaina ƙarya.

Litinin, da sassafe

Ba ta gane ni ba da farko. Ta kira ni da sunan mahaifiyarmu.

Ban tambaye ta ba wannan karon. Na fita falo na kira Mai Ɗinki, na ce, "Ki zo. Ki taho da Mai Kitso." Ba ta ce me ya faru ba, ta ce ga ta nan.

Litinin, da rana

Da suka shigo ɗakin, Yaya ta dawo hayyacinta sarai, kamar an watsa mata ruwa. Ta ga Mai Ɗinki, ta ga baƙuwar fuska, ta jawo zani da hannu ɗaya tana son rufe kanta. "A'a. A'a. Auta, a'a." Ban taɓa jin ta roƙi kowa ba sai yau.

Mai Ɗinki ta tsaya a bakin gado. Sai ta ajiye jaka ta naɗe hannun riga. "Shugaba, ki kore ni daga ƙungiya in kin tashi. Yanzu dai ɗaga ki zan yi." Ta ce da Mai Kitso, "Kama can." Suka kama, suka ɗaga, suka juya ta. Ko numfashi biyu ba a yi ba. Abin da na yi makonni ina kokawa da shi har ina ganin taurari.

Mai Ɗinki ta ɓare bandejin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗago ba ta ce, "Tun yaushe?"

Na faɗa mata.

Na so ta zage ni. Na so ta ce abin da ya dace a ce. Sai kawai ta mayar da bandejin a hankali ta ce Mai Kitso ta sauka ta tare mota, ta kira Mai Kemis ya zo ya kama mana a matakala. Yaya ta juya fuska bango, ba ta ƙara kallon kowa ba har muka sauko da ita, maƙwabta na leƙe ta kowace ƙofa.

Talata, da hantsi

Babban asibiti, ɗakin mata, gadon kusa da taga. Sun sa mata ruwa da allurai. Likita ya ce ciwon ya ci ciki sosai, sai an kankare, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Na tambaye shi sau biyu, sau biyun ya ce a yi ta addu'a.

Wata nas ƙarama ce ta zo wankin ciwon, ba ta kai ɗan Yaya shekaru ba. Ta buɗe, ta yi tsaki, ta juyo. "Mama, ke ce mai jinyarta?"

Na ce ni ce.

"Haba Mama. Ba ku san ana juya mara lafiya ba? Kuma dubi nan, duk jan ta ake yi a kan katifa, ga shaida. Wannan ai ba ciwon ne ya yi mata ba, rashin sani ne." Ta duba katin gado ta ga unguwarmu. "Ikon Allah, ku da kuke da 'yan juyi a unguwarku? Wasu bayin Allah ne, kyauta suke yi. Tun da na fara aiki a nan ba a taɓa kawo mana gyambo daga gidan da suke shiga ba, ko ɗaya. In Allah ya sa an sallame ku, ki neme su, kin ji? Kada ki ji kunya."

Mai Ɗinki na tsaye a bayana, na ji ta ja numfashi za ta yi magana, na kama hannunta na matse.

Na ce, "To, 'yata. Zan neme su."

Yaya na kwance a ɓarin da ke fuskantarmu, inda nas ɗin ta juya ta. Idonta biyu.